Tamfol Ɗin Rokar Maiyama

Yaran yanzu sukan shigo gidan nan su tsaya a kaina ina ɗinki, su kalla kaɗan, su ce, "Inna, ashe wannan ne aikin? Ai kamar ɗinkin buhu ne." Nakan miƙa wa mai maganar basilla da guntun tamfol ninki uku, in ce ya huda. Wanda ya huda tamfol bai huda tafinsa ba, sai in ce ya zauna. Har yau waɗanda suka zauna ba su cika tabarma guda ba. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka in kun ji gishiri ya yi yawa a wani wuri, ba daga hannuna ya fito ba.

Sana'ata ɗinkin tamfol na manyan motoci, musamman roka, tsohuwar motar nan mai bodin katako da ke ɗaukar gero da albasa. A Alelu aka haife ni, gidan dukawa. Tun ban isa ɗaukar tulu ba nake ja wa babana zare a cikin kakin zuma. Aure ya kawo ni Jega, gidan kafintan bodin mota. Maigida, Allah ya jiƙansa, a filin ƙofar gida yake ƙera bodi, tamfol kuwa sai an aika nesa an ɗinko, ya zo ko gajere ko mai ɗigo. Ya san daga gidan da ya ɗauko ni. Wata rana ya shigo da yagaggen tamfol ya ajiye a gabana.

Na wani direban Aliero ne, reshen gawo ya tsaga shi daga tsakiya. Na yanko ƙyalle na ɗora a kai, na ɗinke gefe huɗu kamar yadda muke facin salka a gidanmu. Aka fita da shi zaure. A lokacin akwai wani tsohon direba, Baba Altine, wanda ido ya raba da sitiyari, kullum yana zaurenmu yana gyara wa mutane aikin da ba su tambaye shi ba. Ya sa aka karkata tamfol ɗin a kan turmi, ya tsiyaya ruwan buta daga sama, ya sa tafinsa a ƙasa. Ruwan ya gangaro ya iske bakin facina yana kallon sama, ya shige. Aka dawo mini da aikin an zagaye wurin da gawayi, da saƙo: "A gaya wa amarya ta fita ta dubi jinkar rumbu. Na sama shi ka hawa bisa na ƙasa."

Haka na koyi aikin. Shi yana zaure, ni ina cikin gida. Bai taɓa ganin hannuna ba, ni ma ban taɓa ganin fuskarsa da kyau ba. Buta da gawayi ne tsakaninmu. Ranar da aiki ya fita ya dawo babu gawayi, maigida ya shigo ya ce, "Baba ya ce ba laihi." Iyakar yabon da na samu ke nan a wurinsa, kuma ya ishe ni.

Kayan aikin ba su da yawa. Basilla biyu, mai kauri da siririya. Babbar allura. Zaren auduga mai ƙwari, a murza shi cikin kaki har ya yi santsi, don kakin ne ke toshe hudar da allura ta bari. Fatar tafi da ake ɗaurawa a hannu a tura allura, tawa ta babana ce, ta wuyan sa, ta yi baƙi ta ɗauki siffar hannuna. Sai almakashi, ƙaramar guduma, da zobban ƙarfe inda igiya ke shiga. Awo kuwa da gaba, da kamu, da taƙi. Yanzu ina da keken ɗinki mai ƙarfi, yana yi mini dogon layi, ba ni da faɗa da shi. Amma kusurwa da bakin zobe, inda iska ke fizga in mota ta ɗauki hanya, hannu ne kawai. Keke bai san inda iska take ja ba.

Mai gero da mai albasa ba tamfol ɗaya suke so ba. Mai gero so yake a rufe ruf, ko iska kada ta leƙa. Albasa kuwa numfashi take. In ka rufe ta ruf a zafin bazara sai ta yi gumi ta dahu a cikin buhu kafin a kai kudu. Don haka na mutanen Aliero nakan yi masa kunnuwa a gefe, a naɗe su sama in ana rana, a sake su in an ga hadari. Mutumin Aliero zai yi ciniki kamar zai fasa, ya kai bakin zaure ya dawo, ya sake kaiwa ya sake dawowa, amma ban taɓa jin ƙorafin ƙarya daga bakinsa ba. Direbobi su ne masu labari. Kowane yagagge aka kawo, iska ce ta yaga shi. Nakan duba in ga shaidar ƙahon sa, ko ta ƙusar da aka bari a bodi, in ce, "To, Allah ya kiyaye mu da irin wannan iska."

Shekarar da tamfol na leda ya cika kasuwar Jega ita ce mummunar shekarata. Shuɗi ne, ba nauyi, ga araha. Damina ta zo ta wuce babu wanda ya yi mini sallama da aiki. Na koma ɗinkin buhunan da ɓera ya huda da akumarin jakai. A cikin shekarar ne kuma maigida ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Da bazara ta zagayo, 'yan albasa suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Leda ta dafa musu kaya a hanya, rana kuma ta cinye ta har tana karyewa kamar busasshen ganye. Ban tambayi kowa inda ya je ba, na ce su ajiye a nan. Amma ba duka suka dawo ba. Roka ma kanta ta soma ƙarewa a hanya, motocin ƙarfe sun ture ta. Yau yawancin aikin ƙofar gidan nan tayar da tsofaffin roka ne, waɗanda masu su ba sa so a sayar wa 'yan gwangwan.

Abin da yara ba sa iyawa a wannan sana'a shi ne jira. Sabon yadi ba a yanke masa baki sai ya sha ruwa. Za ka haɗa fallayensa, ka jiƙa shi, ya bushe, ya tsuke iyakar tsukewarsa, hudar allura ta rufe, sannan ka auna a mota ka yanke, ka yi kalmasa, ka buga zobba. Wanda ya yanke a bushe, ruwan farko zai janye masa taƙi ko fiye, igiya ta kasa kai ƙugiya, kayan mutane su jiƙe. Ana iya kai shi gulbi a tsoma, kuma ana yi. Amma wanda ya fi shi ne ruwan sama, a shimfiɗa yadin bisa katako mai gangara, ya jiƙe a miƙe ya bushe a miƙe. Ku riƙe wannan, don a kansa aikin rokar Maiyama ya tsaya.

Ɗana na biyu, Ummaru, shi ya gaji zarto da gudumar ubansa. Ya gaji har da abin da ban so ya gada ba. Bazara lokaci ɗaya ne, masu nemanta biyu. Gida yana son yaɓe, da gyaran rufi, da indararo, da kai taki gona kafin ruwa ya sauka. Masu mota su ma a lokacin suke son a gama musu kafin hanya ta lalace. Namijin gidan nan in aka ajiye masa biyun, ba ya shawara da kowa, ƙofar gida yake nufa.

A farkon bazarar nan da nake faɗa, gara ta ci azarar ɗakin Luba, matar Ummaru, har ƙasa na zubo mata a gado. Tana da tsohon ciki, na uku, wato ba maganar zuwa wanka gidansu, a ɗakinta za ta haihu ta yi jego. Ummaru ya duba ya ce shi ba ya faci, zai yaye rufin gaba ɗaya ya sa kwano. Ya yaye. Ya sayo katako da kwano ya jingine a bayan ɗakin. Luba da yaranta biyu suka dawo ɗakina, cikin yadi da zare, aka ce na kwana kaɗan ne.

Ana haka sai Alhaji Dikko na Maiyama ya sa tifa ta jawo roka har ƙofar gidanmu. Ta mahaifinsa ce. Tun rasuwarsa take kwance a gindin tsamiya bayan gidansu, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na yin ƙwai a mazaunin direba. Na san Alhaji tun yana yaron wannan motar, yana hawa bisa kaya yana jan igiya. Yanzu babban ɗan kasuwar hatsi ne, motocinsa na ƙarfe. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni.

"Inna, so nike a maida ta yadda na san ta. Bodi, fenti, tamfol. Ba don aiki ba, don in dinga ganinta."

"Yaushe kake so?"

"Ba gaggawa nike ba. Shekaru tana kwance, ba ta ce ta gaji ba."

Ku lura, mai mota da bakinsa ya ce ba gaggawa. Amma Ummaru ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin bodin, ya ga tsaga uku a jikin babban katako, alamar da ubansa ke yi wa aikinsa. Daga ranar gaggawa ta samu.

Sai da aka ɗaga bodin daga kan ƙarfen motar, kuma bodi in an ɗaga shi yana son abin tokarewa. Na fito da hantsi na ga katakon rufin Luba yana fita ta zaure a kafaɗun mutane.

"Ummaru, ina za shi?"

"Aro na, Inna. Kwana biyu."

Aikin kam ya yi shi da kyau, ba zan rage masa ba. Ya cire ruɓaɓɓun katakai ɗaya-ɗaya, ya samo maɗaci busasshe ya fere daidai da na ubansa. Ya hau babur ya je Aliero neman hannun ƙofa a jikin wata matacciyar roka. Ya je Maiyama ya zauna da tsofaffin tasha, don su tuna masa ko ratsin gefen ja ne ko ruwan goro, suka rabu biyu, ya sake komawa. Bakanike da mai walda suka mayar da ƙofar gidanmu wurin kwana. In yana jera katakan bodi, yakan bar ɗan tsakani kamar kaurin bayan wuƙa, yana gaya wa abokan aikinsa cewa itacen bazara a bushe yake, in ya sha ruwa zai kumbura, wanda ya matse shi zai ga bodi ya bankare. Mutumin da ya san abin da ruwa ke yi wa maɗaci ke nan. Abin da ruwa ke yi wa bangon ƙasa ne ya shige masa duhu.

Ɗakin Luba ginin tubali ne. Bango irin wannan in ba rufi a kansa, ruwan fari ta sama yake shigarsa, ya jiƙe har ciki, ya tsage, ya zauna. In ya zauna kuwa babu mai gini sai bayan damina. Luba za ta haihu a ɗakin uwar mijinta ke nan, inda ba ta iya miƙe ƙafa don kunya, inda mijinta ba ya shiga ya zauna. Maijego kuma sai da kaskon wuta, ni kuwa ɗakina yadi ne da kaki har bakin ƙofa. Luba ba mai magana ba ce. Kullum da safe takan ɗauki tsintsiya ta je ta share ɗakin nan marar rufi, ta kori awakin da ke kwance bisa kwanon, ta dawo. Sau ɗaya na ji ta tare shi a tsakar gida.

"Maigida, gabas hwa ta soma haɗa hadari."

"Na gani. Gobe in Allah ya so."

Ni ma na yi magana sau ɗaya. Na ce, "Ummaru, ɗakin." Ya ce da zarar ya sauke bodi. Ba na maimaita magana, ubansa ma ya san haka.

Da suka zo cire mazaunin direba, suka iske rabin tsohon tamfol a ninke a bayansa. Ummaru ya shigo da shi a rungume, ya shimfiɗa a gabana. Ɗinkina ne, na gane kalmasata tun daga nesa, da facin da na yi ta yi masa shekara da shekaru. Ta cikinsa, kusa da ɗinkin tsakiya, akwai wani baƙin tabo zagayayye kamar faifai.

"Wanga mi na, Inna? Na tambayi Alhaji, ya ce tun yana sabo haka ya gan shi. Wai ko hayaƙin salansa."

"Hayaƙi na," na ce.

"To irin wanga za ki yi. Yadin, ɗinkin, kunnuwan, komi da komi, yadda kunka yi ke da babanmu."

"Komi da komi?"

"Komi da komi."

Na ce to.

Aka sayo yadi. Na zauna na haɗa fallaye, na sama bisa na ƙasa, bakin ɗinki yana kallon bayan mota. Zafi ya kai inda kaki ke narkewa a hannu tun ba a murza ba. Da yamma gabas takan yi baƙi ta yi walƙiya ta watse. Maƙwabta duk sun gama yaɓe. Ranar da na ɗinke falle na ƙarshe, na aika a kira Ummaru. Ya shigo da fenti kore har gwiwar hannu.

"Na haɗa. Saura ya sha ruwa."

"Sai in sa a kai shi gulbi gobe."

"Na ubanka bai sha gulbi ba. Ruwan fari ya sha, na sama."

"Inna, ai ruwa ruwa na."

"Kai kac ce komi da komi. In ka sake magana, kai shi gulbi. Alhaji ba ya ganewa."

Ya tsaya yana kallon yadin. Na san ba Alhaji ne a ransa ba.

"To ina za a shanya shi?"

"Wuri mai tsawo, inda akuya ba ta kai. Da katako ƙarƙashi, mai gangara, a jera kusa-kusa don kada ya yi ciki ruwa ya kwanta mai."

Ya dubi tsakar gida, ya dubi rumbu, ya dubi rumfar awaki. Idonsa ya je inda za shi.

"Bisa ɗakin Luba?"

"In kana da wani wuri, nuna man."

"Katakon na ƙarƙashin bodi, Inna."

"Wagga kuma ba sana'ata ba ta."

Washegari tun da sassafe na ji ana mirgino durom da tsofaffin tayoyi. Aka tokare bodi da su, katakon rufi ya dawo ta zauren da ya fita. Ummaru da mutanensa suka hau bango. Aikin da ya jira tun farkon bazara, kafin azahar an gama shi, da awo da igiyar daidaitawa, don kada tamfol ɗin roka ya kwanta a karkace. Mai walda, da yake riƙe musu tsani, ya ce, "Maigida, tunda mun hau, a buga kwanon mana a huta." Ummaru ya ce babu lokaci, kuma bakin kwano yanka tamfol yake. Wannan gaskiya ne, ni na koya masa. Ya ce kwano aikin safiya guda ne, sai gobe.

Tunda ba a buga zobba ba, na ƙulla tsakuwa a gefen yadin wuri-wuri, aka ɗaura igiya a wuyan kowace, aka ja aka ɗaure a turaku. Tamfol ɗin roka ya fi ɗakin mace girma. Ya rufe sama, ya sauko ya lulluɓe kan bango ta kowane gefe da fiye da kamu. Da la'asar na ce wa Luba ta kwashe kayanta ta koma.

Ummaru ya ce, "Tun yanzu?"

"Wani ya kamata ya kwana ƙarƙashi, ya ga inda yake ɗigo."

Ya ce haka ne, bai yi wannan tunanin ba.

Ruwan ya sauka wata rana bayan la'asar, iska a gaba, shi a baya, irin wanda ke cika kwatami kafin ka kwashe shanya. Ummaru ya fara rugawa ƙofar gida, ya kwashi kwanon rufin ya kifa wa injin roka. Sannan ya shigo ya tsaya a tsakar gida a jiƙe, yana kallon yadda ruwa ke gangara a kan ɗinki. Ya matsa bakin ƙofar ɗakin.

"Luba, lahiya?"

"Lahiya lau, maigida."

"Yana ɗigo?"

"Kaɗan, wajen ɗinki. Ya ma bari."

"Alhamdu lillahi. Hudar ta rufe ke nan."

Da safe muka iske katangar garken awaki, wadda ita ma ba a yi wa yaɓe ba, ta zauna daga tsakiya, awaki na hawa suna sauka. Ƙasa ɗaya aka gina ta da ɗakin Luba. Ummaru ya tsaya a kanta ya daɗe. Na wuce da butata.

Bayan ruwa na biyu Luba ta haihu, da hantsi, a ɗakinta, ungozoma ba ta ko gama cin goronta ba. Namiji. Aka hura kasko aka ajiye kusa da gado, ana ƙara masa itace safe da yamma kamar yadda ake yi wa kowace maijego.

Ranar suna Alhaji Dikko ya zo daga Maiyama. Daga inda maza suke zaune a waje ana hango saman ɗakin. An ce da ya ɗaga kai ya gani, sai ya tambaya.

"Ummaru, wancan ba tamfol ɗina ba na?"

"Shi na, Alhaji. Ruwa shi ka sha."

"Da gani ya ƙoshi."

Da ya shigo yi mini barka ya ce, "Inna, rokata ba ta tashi ba, ta soma ɗaukar fasinja." Na ce fasinjan bai da nauyi. Ya ce a bar shi har ya sauka don kansa, shi ba gaggawa yake ba.

Amma roka ta tashi. Bodi ya koma mazauninsa, fenti ya bushe, ratsin ya zama ruwan goro bayan tsofaffin tasha sun daidaita. Bakanike ya tayar da inji, unguwa ta fito kallo. Ta tsaya a ƙofar gida komai ya cika, sai kanta a buɗe kamar tsohuwa ba ɗankwali. Ummaru ya shigo.

"Inna, ya sha, ya bushe, ya sake sha."

"Awo. Ya isa yanka."

"To a sauke."

"Hau ka sauke. Maijego na ciki da jinjiri, hadari kuma ga shi can."

"Sai su ɗan koma ɗakinki."

"Da kasko? Cikin yadi da kaki?"

Ya fita bai yi sallama ba.

Gari na wayewa na ji tsani ya jingina. Luba ta zo ɗakina da jinjiri ta zauna a bakin ƙofa, kaskon yana waje. Aka kwance igiyoyi, tamfol ya sauko, kwano ya hau. Aikin safiya guda ne, kamar yadda ya faɗa tun farko. Da ya gama bai sauko ba, ya sa aka kwaɓa ƙasa ya toshe tsakanin bango da kwano, ya gyara mazubin ruwa. Daga nan ya wuce katangar awaki, ba wanda ya aike shi.

Muka shimfiɗa tamfol a tsakar gida don in auna. Ya tsuke da taƙi da 'yan yatsu, daidai abin da na bar masa. Na ce a juya shi in ga cikin. Aka juya. Kusa da ɗinkin tsakiya, daidai inda kaskon Luba yake kallo, ga baƙin tabo zagayayye kamar faifai.

Ummaru ya tsuguna ya shafa, ya shinshina yatsansa. Ya tashi ya je ya ɗauko tsohon rabin nan ya shimfiɗa a gefe. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ni ina wasa almakashi.

"Inna."

"Na'am."

"Wane ɗaki anka haihe ni?"

"Wanda ka buga wa kwano. Lokacin jinka ta."

"Wane lokaci?"

"Farkon damina. Shekarar da ubanka ya yaye jinkar, sannan anka kawo mai aikin bodin wata roka daga Maiyama."

Ya sake shafa tabon.

"Shi babanmu ya gane?"

"Bai taɓa cewa ba. Amma daga shekarar, ciyawar jinka yake fara saye kafin ya karɓi aikin bazara."

"A wanke baƙin?"

"Ba ya fita. Kuma kai kac ce komi da komi. Riƙe man can in yanke."

Na yanke, na yi kalmasa, na buga zobba, na ɗinke kusurwa huɗu da hannu. Igiya ta kai kowace ƙugiya ba ja ba saura. Alhaji ya zo ɗauka, ya hau bodi ya ɗaga kai, ya ga tabon, ya ce lallai wannan gida ba a wasa da aiki, har hayaƙin salansa an mayar masa. Ummaru ya ce a yi hattara da reshen gawo a hanya.

To, ku da kuke cewa kamar ɗinkin buhu ne, basilla na nan inda take. Cikin waɗanda suka zauna a tabarmata, ta ƙarshe Luba ce. Bayan ta yi arba'in ta zo da goyonta, ta ɗauki guntun ninki uku ta huda, tafinta lafiya. Na ce faci ake fara koya. Ta ce in ba damuwa, ita haɗa fallaye take so ta fara sani, da yadda ake ƙulla tsakuwa. A daidai lokacin aka tayar da wani inji a ƙofar gida, yaron ya saki nono ya juya kai wajen zaure.

Na matsa mata a tabarma.